Daga Kano Zuwa Bakin Kogin Columbia, Neman Lantarkin da Ba Ya Bi ta Tururi

Ɗan ƙanwata da ke karatun digirin digirgir a Jami'ar Washington, a birnin Seattle na Amurka, shi ya matsa mini in zo in gani da idona. Ni malamin injiniyan lantarki ne, rayuwata kusan duk a kan janareta da taransifoma na yi ta. Tun watan Mayun 2023, da labari ya fito cewa Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar sayen megawat 50 daga wani kamfani mai suna Helion kafin 2028 ta fita, nake damun yaron nan da tambayoyi a waya. Wutar za a samo ta ne ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra, irin aikin da ke gudana a cikin rana, wanda masana ke kira fiyushan. Amma ba haɗewar ce ta tsaya mini a rai ba. Cewa suka yi injinsu ba ya buƙatar tukunyar ruwa, ba tururi, ba farfela, wutar daga cikin injin za ta zarce waya kai tsaye.

Wanda bai taɓa shiga tashar wuta ba da wuya ya ji nauyin wannan magana. Kwal ne ko yuraniyam, aikin ɗaya ne: a tafasa ruwa, tururi ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Cikin kashi 100 na zafin da aka samar, da ƙyar 35 zuwa 40 ke zama lantarki, saura ya bi iska ko ruwan sanyaya inji. In mutum ya ce zai tsallake wannan mataki ɗungurungum, dole mai sana'a irin tawa ya gyara zama.

Biza ta zo da tata ɗawainiyar. Dala 185 kuɗin neman, sai zuwa Abuja ganawa, kuma a watan Yulin 2025 aka mayar da bizar da ake bai wa ɗan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wata uku. Da ta fito ban yi sanya ba. A ƙarshen Satumba na tashi daga Abuja zuwa Doha, daga can kuma jirgi ya miƙa da mu wajen awa 14 bai sauka ba sai Seattle.

Ƙanwata ta so ta cusa mini kilishi da dambun nama a jaka saboda ɗanta. Shi kuwa ya yi ta roƙonta a waya cewa nama ba ya shiga ƙasar, kuma wanda ya ɓoye aka kama tara ce mai tsanani. Aka tsaya a kan kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa. A filin jirgi jami'in ya tambaye ni ko na shigo da abinci, na ce ƙwarai. Aka tura ni wani layi, wata jami'a ta sa safar hannu ta kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Kukar ta fi ɗaukar hankalinta. Ta murza garin tsakanin yatsunta ta ce ganyen mene ne, akwai iri a ciki? Na bayyana mata bishiyar, na ce ganye ne zalla aka shanya aka daka. Ta mayar ta ɗaure da kanta, ta ce in wuce. Shawarata ga duk mai zuwa: ka faɗi abin da ke jakarka tun kafin a buɗe, ba ka da asara.

Yaron yana jirana a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar jama'a, ya karɓi jaka, ya ce, "Kawu, sannu da hanya, ya ka baro su Hajiya?" Jirgin ƙasa na cikin gari muka hau, dala 3 kowane mutum, wato kamar naira 4,500 a canjin lokacin. Garin lulluɓe yake da gajimare, ga wani yayyafi da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Ni da na baro zafin ƙarshen damina, sanyin ya shige ni har ƙashi, sai da ya ba ni rigarsa mai kauri. Gidajen yawanci na katako ne. Abinci bai ba ni wahala ba, don akwai Somaliyawa da yawa a wajen Tukwila, kusa da filin jirgi. Faranti ɗaya na shinkafa da naman akuya, da ayaba a gefe kamar yadda suke ci, da shayi mai kayan ƙamshi, ya tasam ma dala 20, amma mutum biyu sai su ƙoshi. Juma'a kuma a masallacin Idris da ke Northgate muka yi ta.

A ofishinsu na jami'a ya tsayar da ni gaban allo, na zama ɗalibi shi malami, kuma na ji daɗin haka. Ya ce, "Kawu, kafin mu je ko'ina, sai ka fara ganin inda gizo ke saƙa." Man da ya fi sauƙin kamawa a fiyushan shi ne diyuteriyam da tiritiyam, nau'i biyu na haidirojin masu nauyi. In suka haɗe, kashi 80 na ƙarfin da ke fita yana tafiya ne da ƙwayar niyutiron. Ita kuwa ba ta ɗauke da caji, don haka maganaɗisu ba ya lanƙwasa ta, filin lantarki ba ya tsayar da ita. Abin da za ka iya yi da ita kawai shi ne ka tare ta da bango mai kauri, bangon ya yi zafi, ka koma kan tururin nan dai. Babban injin ITER da ake ginawa a Cadarache, kudancin Faransa, da wannan mai zai yi aiki, kuma jadawalin da suka fitar a 2024 ya kai fara ƙona shi zuwa 2039, ga shi ba ma a tsara shi don ya ba da lantarki ba. Kamfanin Commonwealth Fusion Systems da ke shirin tashar megawat 400 a jihar Virginia shi ma ta hanyar zafi da farfela zai bi.

Sai ya goge allon ya rubuta wani mai daban, wanda Helion ke son amfani da shi: diyuteriyam da hiliyam-3. Wannan in ya haɗe, abin da ke fita furoton ne da ƙwayar hiliyam, duka biyun masu caji. Ƙwayar da ke da caji tana gudu kuwa ai lantarki ce tun asali, saura a san yadda za a rage mata gudu a kwashi ƙarfinta. Haka furoton da boron-11, man da kamfanin TAE na Kalifoniya ya sa a gaba, shi ƙwayoyin hiliyam uku yake bayarwa. Na ce to me ake jira? Ya ce zafi. Man farko yana kamawa a wajen digiri miliyan 100 zuwa 150. Na biyu yana neman ninkin wannan sau da dama, na boron kuma maganar biliyan ake yi. Sannan duk yadda zafi ya ƙaru, haka filasmar, wato iskar nan da ta yi zafi har ƙwayoyinta suka rabu da ilaktiron ɗinsu, take ƙara zubar da ƙarfinta ta hanyar hasken eksire.

Akwai wani dattijo Ba'amurke, injiniya mai ritaya, da ke zuwa sauraron laccocin sashen nasu. Yaron ya haɗa mu, muka zauna shan gahawa, kuma a bakinsa na ji tarihin da ya sauya mini kallon al'amarin. Ashe tunanin ba sabo ba ne. Tun 1969 Richard Post na cibiyar bincike ta Livermore, a Kalifoniya, ya kawo shawarar a bar ƙwayoyin da ke tserewa daga ƙarshen injin su bazu, a raba masu cajin fozitif da ilaktiron, a sa su hau tudun bolt mai yawa har gudunsu ya mutu, su faɗa kan farantin ƙarfe. Abokan aikinsa Ralph Moir da William Barr suka ƙera na'urar da siraran faranti a jere, a karkace kamar luba ta taga. A gwajin ɗakin bincike sun kai kusan kashi 65, kuma da aka ɗaura irin wannan na'ura a jikin injin gwaji na TMX a farkon shekarun 1980, ta kama kashi 48. Dattijon ya ce a zamanin yana ɗalibi kowa ya ɗauka an kusa. Sai kuɗi ya juya baya. Babban injin da aka gina don ci gaba da wannan layi, MFTF-B, ya ci dala miliyan 372, aka kammala shi a 1986, aka rufe shi ba tare da an yi gwajin da aka gina shi dominsa ba. Yana faɗin haka yana juya kofi a hannunsa, na ga abin har yau yana masa ciwo.

Na tambaye shi, in da an bar su, da sun kai? Ya girgiza kai ya ce ba lallai ba. Ƙwayoyi masu caji iri ɗaya ture juna suke yi, don haka in kana son kama megawat masu yawa sai ka baza su a fili mai faɗin gaske, cikin ɗakin da aka tsotse wa iska. Furoton ɗin hiliyam-3 kuma yana fita da ƙarfin da sai bolt sama da miliyan 14 zai tsayar da shi. Ni da na san yadda ake fama da layin bolt 330,000 na gida, da tsawon insuleto ɗinsa, da yadda ƙurar hunturu ke sa shi tartsatsi, ban buƙaci ƙarin bayani ba. Wannan ya sa masanan Japan suka fito da wata dabara, a tara ƙwayoyin rukuni-rukuni su bi ta cikin jerin zobba suna miƙa ƙarfinsu ga igiyar rediyo. An gwada a Jami'ar Kobe, amma a ƙaramin mizani, da ƙwayoyin da ƙarfinsu bai kusanci na ainihi ba.

Washegari muka hau babbar hanya ta I-5 zuwa Everett, kamar kilomita 45 arewa da Seattle. Garin masana'antu ne. Masana'antar jiragen Boeing tana nan, ginin da aka sani babu wanda ya kai shi girman ciki a duniya, kuma tun daga nesa yake cika ido. Helion na kusa da nan, a unguwar manyan rumbuna da ke kewayen filin jirgin Paine. Tun daga gida na san ba shiga zan yi ba, don ba wurin 'yan kallo ba ne. Muka tsaya a bakin titi. Gine-gine ne marasa ado, motocin ma'aikata a jere, dogayen itatuwa a baya. Da ba a faɗa maka ba sai ka ɗauka ɗakin ajiyar kaya ne. A ciki ne injinsu na bakwai yake, mai suna Polaris, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2024. Wani kamfanin fiyushan, Zap Energy, shi ma a garin yake.

A cikin mota yaron ya zana mini injin a bayan takardar mai, kuma a nan ne abin ya zauna mini, domin hanyarsu ba ta farantin Livermore ba ce. Bututu ne dogo, an naɗe shi da koyil na maganaɗisu. A kowane ƙarshe ana haɗa zoben filasma, a harba su da gudun da ya haura kilomita miliyan ɗaya da rabi a awa, su yi karo a tsakiya su zama ɗaya. Sai a sako wuta mai yawa daga tarin kafasito, na'urorin da ke ajiye wuta su sake ta lokaci guda, cikin koyil na tsakiya, filin maganaɗisu ya matse filasmar har ta kama. In ta kama, ƙwayoyin masu caji suna ƙara mata ƙarfi, ta kumbura, ta ture filin maganaɗisun baya. Kamar ka toshe bakin famfon keke da yatsa ka danna, iskar ta turo hannunka, sai dai a nan turowar ake so ta fi dannawar. Filin maganaɗisu in ya motsa a cikin koyil kuwa, wuta yake haifarwa. Dokar Faraday ce ta 1831, wadda nake koya wa 'yan aji ɗaya kowace shekara. Wutar ta koma cikin kafasito, a ɗebi rarar a tura layi.

Na karɓi biro na yi lissafin da ya fi kusa da sana'ata. Kamfanin ya ce tarin kafasiton Polaris na ɗaukar megajul 50 ko fiye. Wannan bai wuce yunit 14 na mitar gida ba, sai dai ana sakin sa ne cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sun kuma ce tun 2015 sun nuna za su iya maido da kashi 95 na wutar da suka zuba a koyil. In haka ne, asarar kowane bugu, wato duk sanda aka saki wutar sau ɗaya, megajul 2.5 ce, kuma ita kawai fiyushan zai biya kafin a fara maganar riba. Nan kyawun dabarar yake, ba sai wutar ta yi gagarumin ci ba. Amma in maidowar ta sauka zuwa kashi 85 da zarar an saka filasma ta gaske, da zafinta da yoyonta, asarar ta ninka uku. Tsakanin riba da faɗuwa tazarar siririya ce, kuma ba a jikin filasma kaɗai take ba, tana cikin makunnai da wayoyi da kafasito, kayan da na san halinsu. Na ce wa yaron, "Ɗana, rabin injin nan ai namu ne, ba na masana filasma ba." Ya ce shi ya sa ya ce in zo.

Daga Everett muka ɗauki hanya mai lamba 2 zuwa gabas, a motar haya. Galan ɗin fetur, wanda bai cika lita huɗu ba, ya haura dala 4. Ba shinge ko ɗaya a hanya, ba wanda ya tsayar da mu. Hanyar tana hawa duwatsun Cascade a hankali, cikin daji mai duhu, gansakuka ta rufe jikin itatuwa, ruwa na zubowa daga kan duwatsu ta ko'ina. A mashigar Stevens, mita 1,200 da ɗoriya sama da teku, kunnuwana suka toshe, hazo ya rufe mu har yaron ya kunna fitila da rana. Abin mamakin yana gangarowa. Cikin ƙasa da awa ɗaya gajimare ya yaye, itatuwa suka yi ta raguwa, muka wuce Leavenworth da aka gina shi da fasalin ƙauyen Jamus, sai ga mu a ƙasa busasshiya, tuddai jajaye-jajaye masu gajerun ciyayi, rana tarwai. Duwatsun ne ke tare ruwan sama a yamma. Ban taɓa ganin damina da rani sun yi maƙwabtaka haka ba, tsakaninsu dutse ɗaya.

Wenatchee garin tuffa ne, kuma mun faɗa tsakiyar girbi. Duk inda ruwan ban-ruwa ya kai kore ne shar, taku ɗaya bayansa ƙura. Manyan akwatunan katako cike da tuffa an jibge su a bakin gonaki, masu tsinka yawanci 'yan asalin Meziko ne, ana jin Sifaniyanci a shaguna. Muka sayi jaka guda a wata rumfa ta bakin hanya, matar ta yanka mana ɗaya mu ɗanɗana kafin mu biya. Masaukinmu ƙaramin otal ne, dala 120 da 'yan kai a dare, gado biyu. Naman halal ya yi wuya a nan, sai muka tsaya kan kifi da ƙwai da burodi, yaron ya barbaɗa yajin mamansa a kai.

Malaga na 'yan kilomitoci kudu maso gabas da Wenatchee, a gefen kogin Columbia. Ƙaramin wuri ne, amma ya daɗe da sanin manyan masu shan wuta. Masana'antar narka alminiyam ta Alcoa a nan ta kasance, ta daina aiki a 2015. Yanzu cibiyoyin ajiyar bayanai na kwamfuta ne ke shigowa yankin, ciki har da na Microsoft. A watan Yulin 2025 Helion ya fara share fili a ƙasar da ya karɓa haya daga hukumar wutar gundumar Chelan, don tashar da ya raɗa wa suna Orion. Abin da na hango daga bakin hanya aikin ƙasa ne: katafila, tifa na kai da kawowa, ƙura na tashi, ma'aikata da riguna masu ɗaukar ido. Na tsaya ina kallo na daɗe. An fara gina gidan tasha alhali injin gwajin da ke Everett bai riga ya nuna wa duniya ya ba da rarar lantarki ba, abin da tun farko aka sa wa 2024. Kuɗi kam akwai. Sam Altman, shugaban kamfanin OpenAI, shi kaɗai ya zuba dala miliyan 375 a 2021, a Janairun 2025 kuma kamfanin ya ƙara tara miliyan 425. Amma rana ba ta ƙarya, 2028 na nan tafe, kuma yarjejeniyar tana da tara in ba a cika ba.

Kusa da wurin, madatsar Rock Island ta tare kogin. Ita ce ta farko da aka gina a kan Columbia, tun 1933, kuma har yau tana iya ba da sama da megawat 600. Mun fi daɗewa a 'yar'uwarta Rocky Reach, arewa da gari, mai kusan megawat 1,300, inda akwai wurin baƙi kyauta. An gina wa kifi matakala a gefen madatsar, kuma akwai ɗakin ƙasa mai tagogin gilashi inda kake ganin kifin salmon suna haurawa. Na ga wani babba, tsawon hannuna, fatarsa ta soma yin ja, ya tsaya cak yana kaɗa jela a gaban ruwan da ke tura shi, sannan ya yunƙura ya wuce. Yara 'yan makaranta suka sa ihu. A waje kuma ƙasa na ɗan girgiza ƙarƙashin ƙafa saboda injinan.

A nan na haɗu da wani tsohon ma'aikacin layin wuta, ya kawo jikokinsa. Da ya ji sana'ata hira ta ɓarke. Ya ce su a gundumar kuɗin yunit bai wuce santi 3 zuwa 4 ba, yana cikin mafi arha a Amurka. Na lissafa, kamar naira 50 zuwa 60 ke nan, mu kuwa 'yan Band A muna biyan sama da 200. Ya ce in na ƙara gaba kan kogin zan tarar da Grand Coulee, mai megawat 6,809. Na yi shiru, don madatsa ɗaya ke nan ta fi abin da layin Najeriya gaba ɗaya ke rabawa a yawancin ranaku, mu da Kainji ɗinmu mai 760 tun 1968, da Jebba da Shiroro da Zungeru. Na tambaye shi ra'ayinsa kan sabuwar tashar. Ya ce yana musu fatan alheri, amma shi abin da ya sani, inji ba ya zama tasha sai ya kwana yana aiki a daren da ƙanƙara ta rufe gari, ba wanda ya tuna da shi.

Da dare a otal muka yi muhawara mai tsawo da yaron, kuma ban ɓoye masa abin da na gani ba. Na ce ɓangaren kama wutar na yarda da shi, tushensa daram yake, an gwada shi tun kafin a haife shi. Abin da bai nuna ba tukuna shi ne wutar da za a kama. Injinsu na shida, Trenta, ya kai digiri miliyan 100 a 2021, abin a yaba, amma hiliyam-3 ya fi haka nema nesa ba kusa ba. Cibiyar NIF ta Livermore ma, mai gwajin fiyushan da hasken leza, da ta girgiza duniya ranar 5 ga Disamba 2022, megajul 3.15 ta samu daga 2.05 na hasken leza, alhali wutar da aka ja daga layi don kunna lezar ta kai wajen 300. Ya ce hanyar Helion daban ce. Na ce na sani, shi ya sa nake son ganin alƙalumansu a buɗe, a hannun masanan da ba sa cin albashinsu, domin abin da suka wallafa kawo yanzu kaɗan ne.

Sai maganar mai. Hiliyam-3 kusan babu shi a doron ƙasa, ɗan wanda ake samu daga ruɓewar tiritiyam yake fitowa, wanda rabinsa ke juyewa duk shekara 12.3, yawanci daga rumbun makaman nukiliya. Kamfanin ya ce zai ƙera nasa ta hanyar haɗe diyuteriyam da diyuteriyam. To wannan haɗin rabinsa niyutiron yake fitarwa, ɗaya rabin tiritiyam. Ke nan niyutiron ɗin da aka gudu yana nan, ya ragu ne kawai, kuma zai riƙa cin bangon bututu da koyil a hankali. Yaron ya amsa cewa haka ne, ya ce su kansu a ɗakin bincike wannan na cikin abin da ke hana su barci.

Abin da na fi tsayawa a kai shi ne maimaitawa, don nan ne na fi ƙafa. Injin bugu-bugu yake yi. In ana son megawat 50 da bugu ɗaya a daƙiƙa, sai kowane bugu ya bar rarar megajul 50, kuma a yi haka sau miliyan 31 da rabi a shekara. Trenta bugu kusan 10,000 ya yi cikin wata 16. Na sha riƙe kafasiton da ya kumbura ya fashe, na sha canza makunnin da ya ƙone saboda wuta ta yi tsalle sau ɗaya. A nan dubbai ne za su kunna tare cikin ɗan mitsitsin lokaci, kowace daƙiƙa, shekara da shekaru. Na ce masa ko da Orion ya ba da wuta a 2028, zan yi murna kamar nawa ne, amma tasha ɗaya ke nan. Kafin a ce abin ya isa a baza shi a duniya, sai an ga masana'antun da za su ƙera kayan, da masu gyara, da farashin yunit, da shekarun aiki. Ya yi shiru sannan ya ce, "Kawu, ke nan ba ka ga alamar nasara ba?" Na ce na gani, kuma ina so ƙwarai a yi nasara, shi ya sa ba zan kira abin da bai nuna ba nunanne. Na roƙe shi ya riƙe karatunsa da kyau, kuma kada ya raina ɓangaren wayoyi.

Komawa Seattle ta mashigar Snoqualmie muka bi, ruwa ya tare mu tun kafin mu gangara. Sauran kwanakin na yi su ne a ɗakin karatun jami'a ina kwafar tsofaffin takardun Moir da Barr, sannan jirgi ya dawo da ni ta Doha. In aka haɗa tikiti da biza da hayar mota da masauki, tafiyar ta ci abin da na daɗe ina tarawa, duk da yaron ya ɗauke mini ci da kwana a Seattle.

Da na dawo na kai wa shugaban sashenmu shawarar mu ƙara gwaji ɗaya a ɗakin aikin 'yan aji uku, ya amince. Za su caja kafasito, su sake shi cikin koyil, su maido da wutar ta makunni, su auna kashi nawa ya dawo da inda sauran ya salwanta. Kafasiton mun samo daga tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki a Sabon Gari, wayar jan ƙarfe kuma wani mai naɗin koyil a Ƙofar Ruwa ya naɗa mana, bayan ya yi ta tambayata me za mu yi da koyil da ba rota a cikinsa. Zangon karatu mai zuwa za mu fara.